Jaka Mai Nauyi

Dogon hutu a gidanmu ba hutu ba ne. Baba direban motar makaranta ne, Umma kuma a kicin ɗin wannan makarantar take aiki, ita ce mai riƙe da ludayi idan yara suka yi layin abincin rana. Ranar da aka rufe makaranta ƙofa uku aka rufe mana lokaci guda: aikin Baba, aikin Umma, da farantin da ni da ƙannena mata biyu muke samu a can kullum. Baba ya tafi wani gari neman tuƙin wucin gadi, yana bugo waya yana cewa an ce ya dawo jibi, jibin kuma ba ya ƙarewa. Mu kuwa muka zauna muna kallon buhun shinkafa a kusurwar kicin, kullum sai ya ƙara rusunawa kamar wanda ya je gaida surukai.

Doka ɗaya Umma ta kafa mana: abin da ke cikin gida ya tsaya cikin gida. Ko Auta, mai shekara biyar, ta san amsarta. Idan maƙwabciya ta tare ta ta ce, "Me kuka ci yau?" sai ta ce, "Mun ƙoshi," ta wuce. Kayanmu kullum a goge, takalmanmu a wanke.

Ranar Alhamis ta mako na uku na ga Umma ta juya buhun ta karkaɗe shi a kan tire. Abin da ya zubo bai cika kofi huɗu ba. Ta ɗago ta gan ni a bakin ƙofa, sai ta ce, "Yayarsu, yau ba ki da karatu ne?" Na ɗauki littafina na fita.

Cibiyar unguwa nake zuwa. Tsohon gini ne mai babban fili, da zauren taro, da wani ɗan ɗaki mai kanta uku na littattafai da fanka guda mai kuka. Matar da ke riƙe da wurin kowa Anti Makulli yake ce mata, saboda tarin makullan da take ratayawa a wuya. Kafin ka gan ta ka ji ta. A wannan ranar sai ta tsaya a kaina ta ce, "Tabarau, ajiye littafin nan, ba guduwa zai yi ba. Biyo ni."

Tabarau shi ne sunan da aka laƙaba mini a makaranta. Gabana ya faɗi, domin akwai littafin da na riƙe ya wuce kwanakinsa.

Ɗakin ajiya ta kai ni ta tura ƙofa. Jakunkuna shuɗɗa ne jibge har rabin bango, duk iri ɗaya. Ta ce jibi Asabar za a yi ranar iyali: ɗan kwana-kwana zai zo, da nas, da mai koyar da iyo, a yi wa yara bayanin yadda za su kare kansu a hutu. Kowane gida da ya yi rajista zai tafi da jaka ɗaya, a ciki akwai filasta, da bandeji, da ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa, da usur, da takardar lambobin neman agaji.

"Wannan shi ne abin da kowa ya sani," in ji ta. "Ga wanda ba kowa ya sani ba. A cikin gida ɗari da ashirin, talatin suna cikin matsi. Nasu akwai shinkafa a ƙasa, da wake, da mai, da madara, abincin mako biyu. Ba na yin layin mabuƙata daban. Na taɓa gani a wani wuri, mata suna rufe fuska kamar an kama su da sata, rabinsu ba su sake komawa ba. Saboda haka sauran jakunkunan za mu cusa musu kwali da tsofaffin jaridu, su kumbura daidai da 'yan uwansu."

Ta nuna mini akwatin katuna, kowane gida da nasa. Idan an juya katin aka ga ɗigon koren biro a kusurwa, a ɗauko jaka daga hagu a ƙarƙashin tebur. Idan babu, daga dama. Zanen tebur zai sauka har ƙasa. Ni zan zauna daga safe zuwa ƙarfe ɗaya, daga nan ita ta karɓe ni.

Na ce, "Anti, me ya sa ni?"

"Wata uku kina zuwa nan, ban taɓa jin muryarki ba sai a sallama. Mai irin wannan bakin nake nema."

Ban taɓa jin an yaba wa shiruna ba. A gida ana ce mini nauyin baki, a makaranta ana ce mini girman kai. Ranar Juma'a muka yini ni da ita a ɗakin, ƙofa a rufe, muna murɗe jaridu. Sau uku tana kama ni ina karanta wadda ya kamata in murɗe. Da na koma gida na gaya wa Umma an ba ni teburin rabon jaka, amma ban faɗi zancen hagu da dama ba, tunda amana ce. Tana ninke wanki ba ta ɗago ba ta ce, "Har ƙarfe nawa za ki zauna a teburin?" Na ce ɗaya. Ta ce, "To."

Asabar na riga kowa zuwa. Ina jera katunan bisa layin gidaje sai na zo kan namu, da rubutun Umma mai karkata. Ban san ma ta yi rajista ba. Haka kawai na juya shi.

Ɗigon yana nan.

Abin da na fara ji daɗi ne, har cikina ya amsa. Shinkafa, wake, mai. Sai kuma wani zafi ya taso mini daga wuya zuwa kunnuwa. Jiya da hannuna na cika jakunkuna talatin ɗin nan, ina tausaya wa masu su a raina, ina cewa Allah sarki, ko su wane ne. Na mayar da katin tsakiyar akwati, na danna shi ƙasa. Na gaya wa kaina Umma ba za ta zo da safe ba, ai ta tambayi lokaci ne don ta kauce mini.

Kafin ƙarfe goma fili ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Ɗan kwana-kwana, wani mai tumbi da gashin baki, ya ɗora kasko a kan risho ya ce, "Idan mai ya kama wuta, wa zai rugo ya kawo ruwa?" Yara suka ɗaga hannu suna "Ni! Ni!" Ya ce, "Madalla, ku ne za ku ƙona gidajenku." Aka kwashe da dariya. Ya nuna musu yadda ake kashe risho a kife murfi a kai. Mai koyar da iyo yana gefe yana jiran lokacinsa, ya zo da hoton kududdufin da ke bayan masana'antar bulo, wanda yara ke zuwa wanka idan zafi ya tsananta.

Teburina yana bakin ƙofar shiga. Kusa da ni aka zaunar da wata 'yar ajinmu da muke kira Rediyo. Aikinta ɗaura wa kowane yaro ɗan zare mai takarda a hannu, da lambar wayar uwarsa, ko da zai ɓace a taro. Rediyo ba muguwa ba ce. Ita ce ta taɓa rama mini faɗa da aka ɓoye mini tabarau. Matsalarta ɗaya: abin da idonta ya gani, bakinta ba ya kwana da shi. Mahaifiyarta kuwa tana can ƙarƙashin rumfa ta farko, a tsakiyar matan layinmu, tana fifita da kwali.

Ba mu yi awa guda ba Rediyo ta zunguro ni da gwiwar hannu.

"Tabarau, jakunkunan nan ba uwarsu ɗaya ba."

"Duk ɗaya ne."

"Ɗaya a ina? Dubi matar can mai jan mayafi, tana kaɗa tata kamar ta ɗauko auduga. Dubi kuma matar mai gyaran rediyo, kafaɗarta ta sauka kamar ta ɗebo ruwa. Usur ne yake da nauyi haka?"

Na ce ban sani ba, na gyara tabarau, na shiga laluben katin da ke hannuna tuntuni.

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba, idonki ya tona ki. Abinci ne ko? Kai, Allah sarki. Kada ki damu, ba wanda zan gaya wa." Ta ƙulla zaren wani yaro. "Sai dai Mamana."

Daga nan abin ya zama mata wasa. Duk wadda ta karɓi jaka ta juya, sai Rediyo ta bi ta da ido ta raɗa mini, "Auduga," ko kuma, "Kafaɗa ta sauka." Wani lokaci ta ƙara da, "Ita ma? Da wannan leshin nata?" Ya kamata in tashi in nemo Anti Makulli in gaya mata. Na san haka a lokacin, ba yanzu na sani ba. Amma Anti tana can tana rigima da mai lasifika, ni kuma ban taɓa katse babba yana magana ba. Na zauna ina miƙa jaka, ina duban agogon zaure ta taga. Sha ɗaya. Sha ɗaya da rabi.

Sha biyu saura kwata na hango Umma a ƙarshen layi.

Ta sa mayafinta mai ruwan toka da take ajiyewa don zuwa unguwa, Auta a hannun dama, mai bi mini a hagu. Mutum shida ne a gabanta. Na ba na farko jaka. Na ce a raina bari in ce fitsari nake ji in gudu, to amma wa zai zauna, Rediyo? Na ce bari in aiki Rediyo ta sha ruwa, sai ga yara huɗu sun miƙo mata hannu. Mutum uku. Mutum biyu.

"A'a, Umman Tabarau! Sannu da zuwa, Umma. Auta, kawo hannun nan, 'yar gayu."

Umma ta amsa mata da murmushi, sannan ta dube ni ta faɗi sunan gidanmu da layinmu, tamkar yadda kowa yake faɗa, tamkar ban san inda nake kwana ba. Na ciro katin. Ban juya shi ba. Na sa masa alamar an karɓa. Na sunkuya ƙarƙashin zanen tebur, hannuna ya tafi hagu har na taɓa igiyar jakar. Ta gefen zanen ina ganin ƙafar Rediyo tana kaɗawa. Na ji muryarta a kunnena tun kafin ta yi magana: ita ma? Na ga maganar tana tashi daga teburin nan zuwa rumfa ta farko, daga rumfa zuwa layinmu, daga layinmu zuwa ajinmu ranar da aka koma.

Na saki igiyar. Na ɗauko daga dama.

Umma ta gyara tsayuwa, ta kafa ƙafa, ta kama jakar da ƙarfin wanda zai ɗaga abu mai nauyi. Sai hannunta ya yi sama da ita fiu, har ta kusa bugun haɓarta. Jaridun ciki suka yi ƙara.

Ta tsaya. Ta dubi jakar, ta dube ni. Ni katuna nake kallo, amma na ji idon a goshina.

"Sannunku da aiki, 'yan mata," in ji ta.

Rediyo ta ce, "Umma, ba za ki tsaya kallon mai wuta ba? Zai sake kunnawa."

"Na bar aiki a gida. Yaran dai su tsaya, an ce za a ba su burodi da lemo. Yayarsu, ki taho da su."

Ta fita ta ƙofar da ta shigo. Ina ganin bayanta har ta sha kwana, jakar tana lilo a hannunta.

"Auduga," in ji Rediyo, ta ci gaba da ɗaura zare.

Ƙarfe ɗaya Anti Makulli ta karɓe ni, ta ce in je in huta, na yi ƙoƙari. Na je na zauna a bayan rumfar nas. Tana bayani a kan yaron da rana ta buga, a kai shi inuwa, a sassauta masa riga, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ban riƙe sauran ba. Na hango Auta a layin burodi, ta cinye nata a tsaye, ta koma bayan layi kamar sabuwar zuwa. Mai rabon ta gane ta, ta yi dariya ta ƙara mata. Ni na kasa karɓar nawa.

Ina ta shirya yadda zan gyara abin ba tare da kowa ya sani ba. In faki ido in ja jakar in ɓoye a ɗakin littattafai? Anti ba ta matsa daga teburin ba. In rubuta mata 'yar takarda? Na rubuta har sau biyu a bayan takardar lambobin agaji, na yayyaga. Duk yadda na juya maganar, sai ta fito da fuskar da ba na son gani.

Ƙarfe huɗu taro ya watse. Aka bar mu muna tattara kaya, ni da Rediyo da Anti, ƙannena suna wasa da usur a bakin zaure. Anti ta ɗaga zanen tebur. A dama babu komai. A hagu jaka ɗaya tana zaune.

Ta duba katuna masu ɗigo ɗaya bayan ɗaya, duk da alamar an karɓa. Ta sake dubawa.

"Ikon Allah. To ko mun cika talatin da ɗaya ne jiya? Tsufa ya fara taɓa ni." Ta zaro wayarta daga aljihu. "Rabon wata ne ya tsaga. Akwai matar da ta zo a makare na ce ta jira, 'ya'yanta biyar. Bari in kira ta ta zo ta ɗauka."

Na ce, "Anti."

"Na'am?" Tana latsa waya.

"Ina son magana da ke. A ciki."

"Faɗi a nan, Tabarau, ƙafata ta gaji."

Rediyo tana naɗe ragowar zare a yatsa, taku biyu daga inda nake. Na ji wayar ta fara ƙara a kunnen Anti. Sau ɗaya. Sau biyu. Na tuna kofi huɗun nan na ranar Alhamis, waɗanda suka ƙare jiya.

"Tamu ce," na ce.

Muryar ba ta fita ba sosai, sai da na maimaita. "Jakar tamu ce. Ta Ummana. Na ba ta ta dama."

Anti ta kashe wayar. Makullan wuyanta suka yi shiru. Ta dubi Rediyo ta ce, "Ke, je ki tara kujerun rumfar can." Rediyo ta tafi ba musu, abin da ban taɓa gani ba, amma ai ta riga ta ji.

"Kuskure ne?" in ji Anti.

Da tambayar nan ta buɗe mini ƙofar tsira, da na ce e da shi ke nan. Na girgiza kai. Na gaya mata zancen kafaɗa, da auduga, da yadda na kasa zuwa in kira ta.

Ba ta yi mini tsawa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta zauna a kujerata ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Wannan laifina ne, da na haɗa ku tebur ɗaya. Gaba zan san inda zan ajiye mai zare. Amma ke, kin san sau nawa mahaifiyarki ta zo bakin ofishina kafin ta shigo? Sau uku. Kullum sai ta ce ke ta zo nema, alhali tana hango ki ta taga kina karatu. A na huɗu ne ta zauna. Matar da ta shekara tara tana zuba wa 'ya'yan unguwar nan abinci, har da nawa." Ta mayar da takalmin. "Ɗauki ki kai mata. Ba zan aika kowa ba."

Jakar ta fi yadda na zata nauyi, ko da yake ni na cika ta. Na rungume ta a ƙirji, na sauya ta koma hannu, igiyar ta shiga yatsuna. A bakin ƙofa Rediyo ta tare ni da kujeru biyu a ka.

"Tabarau, ni fa ban ji komai ba. Wallahi."

Na ce to. Idonta ya cika da tausayi, irin wanda na yi wa mutum talatin jiya. Ban san ko za ta iya riƙewa ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Daga cibiya zuwa gidanmu tafiyar minti goma ce. Rana ba ta faɗi ba, kowa yana ƙofar gidansa yana shan iska. Na wuce mai shago, na wuce masu gyaran babur, na wuce matan layinmu da suka dawo daga taro suka zauna a kan dakali. Kafaɗata ta sauka har ina tafiya a karkace. Auta tana gaba tana busa usur, kamar mai shelar zuwanmu. Wata daga cikin matan ta ce, "'Yan makaranta an dawo? Ke kuma taki jakar duwatsu aka zuba?" Na ce littattafai ne. Ta ce, "Ai kuwa, ke da littafi sai Allah."

Na tarar da Umma a tsakar ɗaki a kan tabarma. Ta zazzage jakar safe gaba ɗaya. Filasta da bandeji suna gefe guda. Jaridun da na murɗe jiya duk ta warware su, ta shafe su da tafin hannu, ta jera su a ninke. Har kwalin ƙasa ta ciro. Wato sai da ta bincika har gindin jakar.

Na ajiye mai nauyin a gabanta. Ta ce wa ƙannena su je su wanke ƙafa. Na durƙusa a bakin tabarma, na cire tabarau ina gogewa da gefen hijabi, don kada in ga fuskarta sosai.

"Na ga hannunki ya tafi hagu ya dawo," in ji ta. "Zanen bai kai ƙasa ba ta wajena. Duk da haka da na zo gida sai da na duba, na ce ko idona ne."

"Umma, Rediyo ce take kallon kafaɗun mutane. Duk wadda jakarta ta yi nauyi sai ta gane. Na ji tsoron kada..."

"Kafaɗa?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni da nake sauke tukunyar yara ɗari biyu daga kan wuta? Wannan 'yar jakar ce za ta saukar mini da kafaɗa? Da kin ba ni, da na ɗauke ta da yatsa biyu ina gaisawa da mutane, ba wanda zai sani."

Ban taɓa tunanin haka ba. Duk lissafin da na yi a ƙarƙashin teburin nan, ban sa ƙarfin hannun Umma a ciki ba.

"Na zata da yamma za ki zo," na ce. "Da kika tambayi lokaci."

"Na tambaya ne don in zo kina nan. Na ce tunda dai karɓa ta zama dole, gara in karɓa a hannun 'yata, ba sai na kalli idon bare ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Hawaye ya ɗiga a kan jaridar da ke kusa da gwiwata, ya yi tabo a kan hoton wani mutum yana yanka kintinkiri.

"Yaya aka yi aka ba ki ita yanzu?"

Na gaya mata. Wayar Anti, da matar mai 'ya'ya biyar, da abin da na faɗa.

"A gaban wa?"

"Anti."

"Da wa?"

"Da Rediyo."

Umma ta rufe ido. Dokarta guda ɗaya, mako uku tana tsaronta da dutsen guga da murmushi, ni na karya ta da bakin da aka zaɓa saboda shirunsa. Na jira ta ce wani abu mai zafi. Na so ta ce.

Da ta buɗe ido sai ta jawo jakar ta kwance igiyar. Ta fito da shinkafa, ta fito da wake, ta ɗaga kwalbar mai ta duba ta a hasken taga.

"Ita mai 'ya'ya biyar ɗin, an riga an gaya mata ta zo?"

"A'a. Ba ta ɗauka ba Anti ta kashe."

"To, da sauƙi. Da an sa mata rai." Ta ɗebi wake a kofi ta zuba a tire ta turo mini. "Tsince. Ki duba da kyau, ki mayar da tabaran nan."

Na tsince wake, ita ta hura wuta. Kafin rana ta faɗi ƙamshi ya cika gidan, irin wanda muka kwana biyu ba mu ji ba. Ta zuba mana a babban faranti, ƙannena suka sa hannu tun yana tururi, Auta tana ba da labarin mai tumbi da kaskonsa da cikakken baki. Ni na zauna da cokali a hannu ina juya shi.

Umma ta dube ni.

"Ci."

"Na ƙoshi, Umma."

"Wannan amsar ta waje ce, ba ta cikin gida ba. Ci. Da kunya tana hana cin abinci, da ban taka ƙofar cibiyar nan ba."

Ta tura mini gefen da ya fi wake. Na ɗiba na kai baki. Yana da zafi, ya ƙona mini harshe, na haɗiye, na sake ɗiba.